Babban Gwani, Maginin Masallacin Juma'a na Zariya

Babban Gwani shi ne maginin da ya fi kowa suna a tarihin gine-ginen ƙasar Hausa. Wannan laƙabinsa ne. A Zariya Malam Mika'ilu ake ce masa, a Bauci kuwa Muhammadu Durugu. Ya yi zamani a ƙarni na 19, lokacin da ƙurar jihadi ta fara lafawa, sarakunan da aka ba tuta suka zauna da gindinsu, suka shiga gina masallatai da fadoji. Aikinsa mafi girma shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da jar ƙasa da azara da igiya ya tayar da shi, babu siminti babu rodi, amma ya rufe fili mai faɗin da har yau masana gine-gine suke jinjina masa.

Labarin rayuwarsa ta hanya biyu ya iso ga mutanen yanzu. Ta farko ita ce ruwayar baka da magina na Zariya suka riƙe, suna ba 'ya'ya da jikoki. Ruwayar tana danganta laƙabinsa da shugabannin jihadi na Sakkwato, tana cewa su suka ga aikinsa suka fifita shi a kan sauran magina. Ta biyu kuwa rubutu ne na wani baƙo. A shekarar 1824 Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdullahi, ya sauka Sakkwato a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Waziri Gidado ɗan Laima ya kai shi ya ga wani masallaci da ake ginawa. A can ya tarar da shugaban magina, wani ɗan gajeren mutum mai fara'a da kaifin ido, ya sami wuri ya zauna inda yake hangen dukkan ma'aikata. Mutumin ya gaya masa cewa shi Bazazzagi ne, mahaifinsa ya taɓa zama a Masar ya koyo wani abu na gini, kuma da zai rasu ya bar masa takardunsa. Abin da ya roƙi baƙon ya ba shi shi ne wani ma'auni na lissafi da masu safiyo da matuƙa jirgin ruwa suke aiki da shi.

Clapperton bai rubuta sunan mutumin ba, amma da yawa daga masu bincike sun tafi a kan cewa Babban Gwani ne, ko kuma wani na gidansu. Ko wane ne, wannan ɗan labari ya nuna abubuwa masu nauyi. Sana'ar gado ce, daga uba zuwa ɗa. Akwai takarda da lissafi a cikinta. Kuma babban magini ba lebura ba ne, mai tsara aiki ne da ke zaune yana duba hannun kowa, wanda sunansa ya kai a kira shi daga Zazzau zuwa Sakkwato. Masu ɗaukar ginin ƙasa a matsayin aikin kirdado ba su yi wa irin wannan mutum adalci ba. Zancen Masar kuwa bai kamata a ja shi ya wuce inda ya tsaya ba. Ginin Alƙahira na dutse ne da jan bulo, dabararsa daban. Rufin da Babban Gwani ya ƙware a kai a ƙasar Hausa ya tsiro, daga kayan da ƙasar take da su.

Zazzau da ya yi wa aiki sabuwar masarauta ce a tsohon birni. Da mayaƙan jihadi suka ci Zariya, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, inda daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wato Suleja ta yanzu. Malam Musa na gidan Mallawa ya hau, bayansa Yamusa na Barebari daga 1821, sannan Abdulkarim na gidan Katsinawa. Sarakunan farko yaƙi da daidaita ƙasa suka sha musu kai. Zuwa zamanin Abdulkarim an sami natsuwa da dukiya da hannayen aiki, ana kuma bukatar masallacin da zai ɗauki jama'ar birni ranar Juma'a, ya nuna cewa mulkin na addini ne.

Ba za a gane girman abin da Babban Gwani ya yi ba sai an san matsalar da kowane magini Bahaushe yake fama da ita. Tayar da bango ba shi ne wahala ba. Ana haƙo ƙasa, abin da ya bar kududdufai a tsofaffin birane ke nan, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakewa. Da ita ake curin tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana har ya bushe ƙarau. Ana jera shi tsininsa na kallon sama, ana cike tsakani da caɓi. Bangon yakan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa, don gindi ya ɗauki nauyin sama. Duk wannan da rani ake yi, bayan an kawar da amfanin gona, kafin ruwa ya sauko.

Rufi shi ne inda gwani yake rabuwa da wanda ba gwani ba. Itacen rufi azara ce, wadda ake tsagawa daga giginya, an kuma fi son namijinta saboda tauri. Gara ba ta cinta da sauƙi, tana daɗewa ƙwarai. Aibinta ɗaya: idan aka shimfiɗa ta aka ɗora mata ƙasar rufi, tazarar da za ta iya ɗauka ba tare da ta lanƙwashe ba ba ta cika mita 2 ba. Wannan ya sa ɗakunan talakawa suke da ƙunci. Mai son ƙarin faɗi sai ya fito da tauyi daga saman bango, wato azarori da ake binne gindinsu a cikin gini kansu ya leƙo ciki, a ɗora wasu a kansu, ko a gicciya azara a kusurwoyi don a rage bakin da za a rufe. Idan ɗakin ya fi haka girma, sai a kafa ginshiƙi a tsakiya. To amma zauren sarki ko masallaci yana son sarari, ginshiƙai barkatai kuwa suna cinye wuri, suna raba sahu.

Maganin da magina suka samo shi ne bakan gizo. Daga jikin bango, tun daga ƙasa-ƙasa, ake fara fito da abin da suke kira ƙafa. A ɗaure azarori da igiya, a dasa su cikin bango sun ɗan karkato ciki, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sai a ɗaura wasu a kansu, sun fi na farko karkata, a sake lulluɓewa, a sake jira. Haka ake yi daki-daki daga wannan bango da wanda yake fuskantarsa, har ƙafafun biyu su haɗu a sama, a ɗaure su da wasu azarori a kwance. Ba a kafa wani katako a ƙasa don ya tallafe ginin kafin ya kama, kowane mataki shi yake riƙe kansa ya kuma ɗauki na gaba. Azara a cikin ƙasar tana yin aikin da rodi yake yi a cikin kankare: ita take hana tsagewa, ƙasa kuma tana ɗaukar danniya. Idan aka gicciya baka biyu ko fiye suka haɗu a tsakiya, an sami ɗaurin guga. Gurabun da suka rage tsakanin ƙafafu ƙanana ne, azara tana iya rufe su. Da wannan dabara ake rufe ɗaki mai faɗin da ya kusa mita 8 babu ginshiƙi ko ɗaya, saman rufin ya yi tulluwa, ruwa ya gangare ta indararo.

Aikin yana son haƙuri fiye da ƙarfi. Wanda ya yi gaggawar ɗora mataki a kan ɗanyar ƙasa, ƙafar za ta sunkuya, bakan ya karkace. Wanda ya kuskure karkatar azara da ɗan kaɗan tun daga ƙasa, ƙafafunsa ba za su haɗu daidai a sama ba. Duk wannan lissafi a kai yake, da igiyar awo da taki da kamu, sai zanen harsashi da ake yi a ƙasa.

Ba Babban Gwani ya ƙago bakan gizo ba, ya tarar da shi a hannun magabata. Abin da ya yi shi ne ya kai shi inda ba a taɓa kai shi ba. Masallacin Zariya yana daf da fadar sarki, kuma ba ɗaki ɗaya ba ne. A ainihin tsarinsa akwai babban ɗakin salla, da haraba mai katanga inda sauran jama'a suke yin sahu, da zaurukan shiga masu wurin alwala, da ɗakin shari'a a haɗe. Babban ɗakin tulluwa shida ke rufe da shi, suna zaune a kan manyan ginshiƙai da bangaye. Daga jikin kowane ginshiƙi ƙafafu suke fita ta fuskoki daban-daban, su lanƙwasa su haɗu da 'yan'uwansu, har mai tsayuwa a ciki ya kasa nuna inda ginshiƙi ya ƙare da inda rufi ya fara. A tsakanin ƙafafun an bar azara a fili, an jera ta da tsari, wata a miƙe wata a karkace, ta zama ado da kanta.

Adon jikin ginshiƙan ma abin dubawa ne. Da ƙasa aka fitar da shi tun tana ɗanya: dogayen layuka masu zurfi, da kusurwoyi, da da'irori, manya-manya, ba tarkace. Hasken da yake shigowa kaɗan ne, don haka zurfin zanen shi yake ba da inuwar da ido ke gani. Wanda ya saba da zanen fuskar gidajen Zariya na ƙarni na 20, mai dagi da launuka har da hoton keke da agogo, zai ga na masallacin ya fi kamewa nesa ba kusa ba. Hakan ya dace da zamaninsa. Malaman Malikiyya sun karhanta ƙawar da za ta shagaltar da mai salla, mutanen jihadi kuma sun yi wa sarakunan da suka gabace su zargin alfahari da almubazzaranci. Doguwar hasumiya irin ta Gobarau da ke Katsina ba ta cikin tsarin masallacin na asali. Babban Gwani ya sami hanyar da gini zai yi kwarjini ba tare da ƙyale-ƙyale ba, kuma a nan gwanintarsa ta fi fitowa. Kyan masallacin daga ƙirarsa yake, abin da yake riƙe da rufin shi ne abin da yake burge ido.

Aiki irin wannan ba ya rasa almara. Ana cewa da dare yake gini shi kaɗai, ma'aikata su tara tubali da caɓi da rana, gari ya waye a ga bango ya tashi. Wasu har aljanu suke sa wa a cikin labarin. Abin da ake iya fahimta daga nan shi ne yadda aikin ya girgiza mutanen zamaninsa, da kuma yadda magina suke ɓoye sirrin sana'a ga wanda ba ɗan gida ba. Sai dai almarar tana rufe wasu mutane da ya kamata a tuna. Dubban tubala ba sa cura kansu, azara kuma daga nesa ake sarowa a ɗauko a ka. Zazzau ta ƙarni na 19 ƙasa ce mai yawan bayi da rinjoji, manyan ayyukan sarauta kuwa da ƙarfin bayi da aikin gayya ake yin su. Sunan gwani ya tsira, na waɗanda suka tattaka masa ƙasa bai tsira ba.

Ba a Zariya kaɗai ya bar hannunsa ba. A Kafin Madaki, cikin Ƙaramar Hukumar Ganjuwa ta Jihar Bauci, akwai gidan Madakin Bauci, wanda aka gina wajen 1860. Mutanen wurin Babban Gwani suke kiran soron gidan, da laƙabin wanda ya gina shi. A 1956 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, yana cikin na farko-farko da aka yi wa haka a Nijeriya. A fadar Sarkin Bauci ma akwai soron da ake danganta masa. Daga 1824 zuwa 1860 shekara 36 ne. Mutum ɗaya yana iya yin wannan tsawon aiki, amma kuma laƙabi a ƙasar Hausa yakan bi gida, ɗa ya gaji suna kamar yadda ya gaji sana'a. Bambancin sunayen da Zariya da Bauci suke kawowa yana ƙarfafa zaton cewa gwani fiye da ɗaya ne daga zuriya guda suka yi waɗannan ayyuka, ruwaya ta haɗe su ta mai da su mutum ɗaya.

Labarin ƙarshensa daga yamma yake zuwa, daga Birnin Gwari, ƙasar da ta yi iyaka da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina. Ruwaya ta ce sarkin garin ya kira shi ya yi masa gini, da ya gama sarki ya ga kyansa sai ya sa aka kashe shi, don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, don haka a matsayin ruwaya ya kamata a riƙe shi. Duk da haka yana faɗin gaskiya game da matsayin magini a wancan zamani: sarakuna suna gasa da shi, suna aika masa daga gari zuwa gari, amma ransa da abincinsa a hannunsu suke.

Shekarun aikinsa sun zo daidai da hawan Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1837. A can ma garuruwan da ke nesa da Landan suna bunƙasa, kowanne da masu tsara gine-ginensa. Cuthbert Brodrick, mutumin Hull, ya koyi sana'a a hannun ubangida kamar yadda ɗan magini yake koya a Zariya, ya tsara babban ɗakin taron birnin Leeds da sarauniyar ta buɗe a 1858. Bambancin shi ne a Ingila an riga an raba mai zane da mai ɗora bulo, an kafa ƙungiyar masu tsara gine-gine tun 1834, ana ajiye zane da sa hannun mai shi. Shi ya sa ake iya rubuta tarihin ƙaramin mai zane na lardin Ingila shekara bi shekara, alhali gwani kamar na Zariya sai an bi ta bakin jikoki da jikin bango. A garin Leeds ɗin nan ne kuma wani magini, Joseph Aspdin, ya yi rajistar simintin da duniya take gini da shi yanzu, a 1824, shekarar da Clapperton ya gamu da maginin Zazzau a Sakkwato.

Zuriyar Babban Gwani ta ci gaba da riƙe sana'ar a Zariya, a gidansu sarautar Sarkin Magina ta zauna, har yau kuma akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Sarkin Magina shi yake tara magina idan fada ko masallaci ko ganuwa na son gyara. Gyaran nan kuwa shi ne ran ginin ƙasa. Ana yaɓe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma a shafe shi da laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima da dafara, don ruwa ya zame. Kowace shekara kafin damina sai an hau an duba tsaga, an share indararo, an gyara zanko da rawanin soro. Sana'ar ba ta birni kaɗai ba ce. A Ruwan Godiya da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, zaure da soro da katanga da rumbu duk daga wannan ilmi suka fito, farar ƙasar da Allah ya hore wa Ƙanƙara kuma da irinta ake shafe ciki. Yankin ya fi arewacin Katsina samun ruwa, saboda haka gidan da aka daina yi wa yaɓe ba ya jure damina da yawa. Wannan yana cikin asarar da rashin tsaro ya jawo a ƙauyukan da mutane suka bari, ban da ta rayuka da dukiya.

Canji ya biyo layin dogo, wanda ya iso Zariya da Kano a 1911, reshensa da ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya kammala a 1929. Kwano da siminti suka zama alamar arziki. Suna da amfaninsu na gaskiya, don ba sa neman yaɓe duk shekara, ko da yake ɗakin kwano da bazara bai kama ƙafar soro ba wajen sanyi. Giginya ta yi ƙaranci, marina suka ragu, katsi ya yi wuyar samu, 'ya'yan magina suka koma bulo. Manyan masallatan ƙasa suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na Kano an maye shi da sabon gini a farkon shekarun 1950. Sana'ar dai ba ta mutu ba: a ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Kafin canjin ya cim ma masallacin Zariya, masana sun auna shi. Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya zana shi ciki da waje, littafinsa mai juzu'i uku a kan gine-ginen gargajiyar Nijeriya ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. J. C. Moughtin ya yi rubutu a kansa, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya tattara ruwayoyin magina a kundin digirinsa na uku a 1981. A shekarun 1970 aka rushe wasu sassan masallacin, aka gina sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon ɗakin salla. Hakan ya kare shi daga ruwan sama, amma ya ɓoye tulluwoyinsa da surarsa ta waje. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na rufin masallacin ya rufta a kan masallata, mutane da dama suka rasu, Allah ya jiƙansu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin abin ya faru, daga baya kuma aka buɗe asusun sake gina masallacin. Mai son ganin cikakkiyar surar da Babban Gwani ya tsara, da zaurukanta da tulluwoyinta a fili, sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka gina kwatankwacin masallacin da ƙasa da azara bisa awon Dmochowski, kusa da na ganuwar Kano da na fadar Katsina.